Kaboyi, kaji da camama: su wa ake gani a finafinan kasada na ban dariya a Nijar?

Akwai wani nau'in fim da ba shi da suna guda a Hausa, amma kowa na gane shi da zarar ya gan shi. Kuɗin da aka kashe masa kaɗan ne, tufafin ƴan wasa na aro ne ko na gwanjo, labarin kuma tafiya ce mai cike da kasada da ake yi don a ba mutane dariya. Ƴan wasan na zuzuta komai da gangan. Mai kallo ya san wasa ne, su ma sun san ya sani, kuma daga nan daɗin abin yake fitowa. A Kano, abin da ya fi kusa da shi shi ne camama. A Yamai kuwa an fara yin irinsa tun shekarun 1960, fiye da shekara 20 kafin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko ya shiga kasuwa.

Wanda ke son ya fahimci dalilin da ya sa ake tambayar su wa ake nunawa a waɗannan finafinai, ya zaga Gudel. Tsohon ƙauyen Zabarmawa ne a gaɓar hagu ta kogin Isa, arewa maso yamma da tsakiyar Yamai, wanda birni ya bi ya haɗiye har ya zama unguwa a komin ta ɗaya. An fi saninsa da tashar tace ruwa da ke shayar da babban ɓangare na birnin. A titi guda na Gudel mutum zai ji Zabarmanci da Hausa da Fillanci da Tamashek da Faransanci. Idan samarin irin wannan unguwa suka taru kan salula ɗaya suna kallon fim ɗin barkwanci, akwai wanda ake dariya tare da shi, akwai wanda shi ake yi wa dariyar, akwai kuma wanda ko inuwarsa ba ta fito ba.

Abin da aka gada daga silimar Turawa

Gidajen silima na Yamai irin su Rex da Vox sun rayu ne a kan finafinan waje: kaboyin Amurka, finafinan Indiya, daga baya kuma na karate. Idan Afirka ta fito a cikinsu, ta kan fito ne a matsayin daji. Tun daga Tarzan na Johnny Weissmuller a 1932, baƙar fata ɗan dako ne mai ɗauke da akwatin Bature, ko jarumin ƙauye mai mashi da ake harbewa ba tare da an san sunansa ba. Salon bai mutu da mulkin mallaka ba. A 1985 kamfanin Cannon ya fitar da King Solomon's Mines, wanda aka ɗauka a Zimbabuwe da Richard Chamberlain da Sharon Stone, kuma a cikinsa har da wurin da ake jefa Turawan biyu cikin ƙatuwar tukunya za a dafa su.

Misalin da aka fi tafka muhawara a kansa shi ne The Gods Must Be Crazy na Jamie Uys, ɗan Afirka ta Kudu, da ya fito a 1980. Labarin wani mutumin ƙabilar San ne da kwalbar Coca-Cola ta faɗo wa mutanensa daga jirgin sama, ya ɗauke ta zai kai ta ƙarshen duniya ya yar. Fim ɗin ya samu kasuwa a duniya, ƴan Afirka da yawa ma sun so shi. Masu suka sun ce ya mayar da San tamkar yara marasa masaniyar duniya a daidai lokacin da mulkin wariyar launin fata ke raba su da ƙasarsu. N!xau, ɗan Namibiya da ya ja fim ɗin, ƴan ɗaruruwan dala aka biya shi a kashi na farko.

Kaboyin Moustapha Alassane

Martanin Nijar ya zo da wuri. Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942, bakanike ne kuma mai zane da ya koya wa kansa sana'ar hoto mai motsi kafin ya haɗu da Jean Rouch a cibiyar bincike ta IFAN a Yamai. Ya je Kanada ya ƙaro ilimi wurin Norman McLaren. A 1966 ya yi finafinai biyu da har yau ake maganarsu. Ɗaya shi ne Bon voyage, Sim, zanen minti biyar a kan wani kwaɗo shugaban ƙasa da ya tafi ziyarar aiki, shaguɓe ne ga sababbin shugabannin Afirka da bukukuwansu na tarba da rakiya. Ɗayan kuwa Le Retour d'un aventurier, wato dawowar ɗan kasada, mai tsawon minti 34, da Faransanci da Hausa.

Labarin ba shi da wuya. Jimmy ya dawo ƙauyensu daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi: huluna masu faɗi, takalma, ɗamara da bindigogi. Ya raba wa abokansa, kowa ya yar da sunan yanka ya ɗauki sabo. Wannan Black Cooper, wancan James Kelly, ga Casse-Tout, ga kuma mace guda a cikinsu, Reine Christine. Suka hau dawaki suka fara kwaikwayon abin da suka gani a silima, shaye-shaye da caca da dambe da sata, suna sukuwa a dajin da raƙuman dawa ke yawo a cikinsa. Dattawan gari suka rasa yadda za su yi da ƴaƴansu. Wasan ya rikiɗe ya kai ga zub da jini, gungun ya dare.

An sha kiran wannan fim kaboyin Afirka na farko. Abin da ya sa ya yi ƙarko shi ne yadda dariyarsa ke cin kowa. Tana cin samarin da suka ɗauka hula na mayar da mutum Ba'amurke, tana cin silimar Amurka da ta sayar musu da wannan mafarki, ba ta kuma bar dattawan ba. Rashin kuɗin ma ya zama ɓangaren ma'anar, domin kayan aro a jikin ƴan wasa su ne kayan aro a jikin mutanen labarin. A shekarar dai wani matashin Bafaranshe, Serge Moati, ya ɗauki yadda ake shirya fim ɗin a wani gajeren fim mai suna Les Cow-boys sont noirs, inda aka ga ƴan wasan a rayuwarsu ta yau da kullum, ma'aikata da masu ƙananan sana'o'i na Yamai.

Aron suna daga silima ba ƙirƙirar Alassane ba ce, abu ne da samarin lokacin ke yi. A Moi, un noir na Rouch, wanda ya ci kyautar Louis-Delluc ta 1958, ƴan ci-ranin Nijar a unguwar Treichville ta Abijan suna kiran kansu Edward G. Robinson da Eddie Constantine da Tarzan. Wanda ya fito a Robinson shi ne Oumarou Ganda, Bazabarme haifaffen Yamai a 1935, tsohon sojan Faransa a yaƙin Indocin. Ya dawo gida ya zama mai ba da umarni, ya yi Cabascabo da Zabarmanci, sannan fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya ci babbar kyautar FESPACO ta farko a Wagadugu a 1972. Shi ma Black Cooper, wato Djingarey Maïga, haifaffen Watagunan Mali a 1939, ya koma bayan kyamara, kuma kusan duk finafinansa na ɗauke da kalmar baƙi a sunansu: L'Étoile noire, Nuages noirs, Aube noire.

Kuɗin da Zalika ta biya

Reine Christine ita ce Zalika Souley, haifaffiyar Yamai a 1947. Tana da shekara 19 ta sa wando ta hau doki ta riƙe bindiga a gaban kyamara. Ana lissafa ta cikin matan farko da suka riƙi wasan fim sana'a a Afirka ta kudu da Sahara. Bayan kaboyin ta fito a finafinan Ganda, Cabascabo da Le Wazzou polygame da Saïtane da L'Exilé, ta kuma yi aiki da Djingarey Maïga.

Rawar da aka riƙa ba ta ita ce ta mace mai kishi, ko mai cin amanar aure, ko mai zaman kanta. Masu kallo da yawa a lokacin ba su raba ɗan wasa da rawarsa, don haka abin da ta yi a allo ya bi ta har cikin unguwa. Mazan da suka fito a ɓarayi da mashaya tare da ita ba su gamu da irin wannan ba. Rahmatou Keïta ta ba da labarinta a fim ɗin Al'lèèssi... une actrice africaine, wanda aka nuna a bikin Cannes a 2005. A ciki an ga tauraruwar da ta taɓa wakiltar Nijar a bukukuwan duniya tana zaune da ƴaƴanta cikin ƙuncin rayuwa a Yamai. Ta rasu a 2021.

Duk wanda ke ƙirga yawan matan da suka fito a fim ya kuma tsaya a nan, bai gama lissafi ba. Mace ta fito a kaboyin 1966, ta fito da ƙarfi ma, amma labarin da kyamarar duk a hannun maza suke. Sai a shekarun 1980 Mariama Hima ta fara ɗaukar nata finafinan, irin su Baabu Banza, a kan masu sana'ar sarrafa tsofaffin kaya a Yamai. A yau akwai Rahmatou Keïta da Zin'naariyâ! na 2016, da Aïcha Macky mai fim ɗin Zinder na 2021. Dukansu sun fi karkata ga labarin gaskiya ko na soyayya da al'ada. Fagen barkwanci da kasada har yanzu maza suka fi yawa a cikinsa, mace kuwa galibi matar gida ce mai masifa ko budurwar da ake rububi.

Basarke, Bafillace, Buzu da Bature

Reshe na biyu na wannan tarihi ya fito ne daga abota. Jean Rouch ya zo Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi, ya haɗu da Damouré Zika, ɗan Sarkawa masunta na kogin Isa, wanda daga baya ya zama ma'aikacin lafiya mai ɗakin shan magani a Lamorde, a gaɓar dama. Sai Lam Ibrahim Dia, Bafillace, direba. Sai Tallou Mouzourane, daga Bella, waɗanda Hausawa ke kira Buzaye, mutanen da a tsohon tsarin Abzinawa ake ajiyewa a ƙasan kowa. Sun haɗa farkon sunayensu suka sa wa ƙungiyarsu Dalarou, da aka ƙara Tallou ta koma Dalarouta.

Fim ɗinsu na farko na wannan salo shi ne Jaguar, wanda aka fara ɗauka a 1954 amma bai fito ba sai 1967. Damouré da Lam da wani masunci, Illo Gaoudel, sun tashi daga Ayoru da ƙafa zuwa Gwalkwas, Gana ta yau, neman kuɗi. Ba a ɗauki murya a lokacin ba, sai daga baya suka zauna suna kallon hotunan suna zuba surutu a kai, kuma wannan surutun ne ya zama fim ɗin. Akwai wurin da suka ratsa ƙasar Somba a arewacin Dahomey, Benin ta yau, suka tarar da mutane ba tufafi. Suka yi mamaki, suka yi tsokana, sannan suka sasanta da cewa haka Allah ya yi su kuma mutanen kirki ne. Wurin yana da amfani ga mai nazari, domin ya nuna cewa kallon wani a matsayin baƙon halitta ba Bature kaɗai ke yinsa ba.

A Petit à petit, na farkon shekarun 1970, aka juya madubin. Damouré, yanzu babban ɗan kasuwa mai son gina dogon bene, ya tafi Paris ya ga yadda mutane ke rayuwa a irin waɗannan gidaje. Sai ya shiga tare mutanen birnin a titi yana auna kawunansu da ƙirjinsu, yana duba haƙoransu yana rubutawa, daidai yadda masu binciken Turai suka yi wa kakanninsa. A fim ɗin ne Safi Faye ta Senegal ta fito, wadda daga baya ta yi Kaddu Beykat a 1975, ta zama cikin matan Afirka na farko da suka ba da umarnin dogon fim.

Wanda ya fi dacewa da sunan kasada ta ban dariya mai arha shi ne Cocorico Monsieur Poulet na 1974. Tushensa sana'ar da Lam ke yi da gaske: shiga ƙauyuka sayen kaji a kawo Yamai a sayar. Motarsu wata tsohuwar Citroën 2CV ce da aka yi wa ɗori, sunanta Patience, wato Haƙuri, kuma ta ci sunanta. Lam ne mai mota, Tallou yaron mota, Damouré kuwa ɗan cin arziki da ya maƙale musu. Motar ba ta da cikakkun takardu, ga ƴan sanda a hanya, don haka maimakon su bi ta gadar Kennedy da aka buɗe a 1970, sai suka riƙa neman dabarar ƙetare kogin da ita. Sau uku suka ƙetare, kowane da sabuwar dabara, har da kwance motar gunduwa-gunduwa. Ga kuma wata aljana da ta sa su gaba a daji. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ruwa a Gudel ya ga faɗin kogin a watannin cikarsa zai gane girman haukan. Kiɗan fim ɗin Tallou ne ya yi shi.

A nan an ga abin da ba kasafai ake gani ba har yau: mutum uku daga al'ummomi uku, kowa da wayonsa da wautarsa, babu wanda aka ajiye don ya zama abin dariyar sauran saboda asalinsa. Duk da haka akwai abin lura. Tallou, ɗan Bella, shi ne yaron mota, shi ake aike, shi ake wa tsawa. Fim ɗin ya ɗauko matakan da ke cikin al'umma ya sa su yadda suke, bai tambaye su ba. Kyamarar kuma a kafaɗar Rouch take, ana tace fim ɗin a Paris, kuma a Turai sunansa ne ke gaba. Ousmane Sembène na Senegal ya taɓa gaya masa a fuska, a wata tattaunawa ta 1965, cewa masana irinsa na kallon ƴan Afirka kamar ƙwari. Zargin ya fi dacewa da finafinansa na bori da farauta. A na barkwancin, Damouré da Lam ne ke ƙirƙiro maganganun nan take, kuma da wuya a ce ga inda aikin wannan ya tsaya na wancan ya fara. Rouch ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni ranar 18 ga Fabrairun 2004, an binne shi a Yamai. Damouré ya bi shi a 2009.

Inda wasan taubasai ya shigo

Ba za a fahimci tsokanar ƙabila a fim ɗin Nijar ba sai an san wasan taubasai. Bafillace da Babarbare, Bafillace da Ba'are, Bazabarme da Bagobiri, Bazabarme da Ba'abzine, a ƙetaren iyaka kuma Bakano da Bazazzagi: kowanne na da lasisin ya kira ɗan'uwansa bawansa, ya yi masa ba'a a kan abinci ko tsoro ko rowa, ba kuma a yi fushi. UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin jerin gadon ɗan Adam a 2014.

Sai dai wasan na da ƙa'ida. Ana yinsa ne tsakanin mutum biyu da suka gaji alaƙar, ido da ido, kuma wanda aka tsokana na da damar ramawa nan take. Fim na karya wannan ƙa'idar ba tare da ya yi niyya ba. Wanda aka yi wa ba'a a allo ba ya wurin, ba zai rama ba, kuma faifan zai kai garuruwan da ba su san akwai wata alaƙa ba. Abin da ke wasa a bakin Babarbare yana iya zama cin fuska a bakin wanda ba taubashin Bafillace ba ne. Masu shirya fim kan fake da cewa ai wasa ne, al'adarmu ce. Wani lokaci gaskiyarsu ne, wani lokaci kuwa sun ɗauki rigar al'adar sun bar ƙa'idarta.

Camama ta ƙetaro iyaka

Daga shekarun 1980 harkar fim a Nijar ta ja baya. Kuɗin yuraniyom ya ragu, tallafi ya ƙafe, faɗuwar darajar sefa a Janairun 1994 ta ƙara tsadar komai, gidajen silima suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Gurbin da suka bari kaset ɗin Kano ne ya cike shi. Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ya fito a 1990, sunan Kannywood kuma ya bayyana a mujallar Tauraruwa a 1999. Ta Maraɗi da Damagaram da Ƙonni kaset da faifai suka riƙa shigowa har Yamai, inda Hausa ta daɗe da zama harshen kasuwa ko a unguwannin Zabarmawa.

Sarkin camama shi ne Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014. Hanyarsa ta yi kama da ta Alassane fiye da yadda ake zato: a ɗauko wani abu da duniya ke magana a kai, a sa masa kayan gwanjo, a kawo shi ƙauye. Ibro Awilo ya kwaikwayi mawaƙin Kwango Awilo Longomba. Ibro Usama ya fito jim kaɗan bayan harin 11 ga Satumban 2001. A 2008 kotun tafi-da-gidanka mai aiki da hukumar tace finafinai ta Kano ta ɗaure shi wata biyu a kan Ibro Aloko.

Camama na da mutanenta da ba sa canzawa. Akwai baƙauye da ya shigo birni, akwai Ɗan Fulani da sandarsa, akwai Ɗan Gwari, akwai Bayarabe da Inyamuri masu karya Hausa, irin rawar da ta sa aka san Baban Chinedu. Akwai kuma Buzu mai gadi, da rawani da takobi da butar shayi. Wannan na ƙarshe ya shafi Nijar kai tsaye, domin shi ne hoton ɗan Nijar da ɗimbin masu kallo a Najeriya suka fi sani, kuma ɗan Abalak ko Cintabaraden da ke zaune a Yamai na kallon kansa a haka. Gurgu da makaho da mai in'ina da gajeren mutum su ma sun sha zama abin dariya saboda halittarsu kawai. A gefe guda, masana'antar ta buɗe ƙofa ga baƙi fiye da yadda finafinanta ke nunawa. Mawaƙiya Fati Nijar da jaruma Hadiza Gabon duk sunan ƙasashen da suka fito ne ke manne da nasu, kuma bai hana su kai wa ƙololuwa ba.

Agadas ta ɗauki kyamara

A 2015 aka fitar da Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wanda aka ɗauka a Agadas da harshen Tamashek. Ba'amurke Christopher Kirkley, mai kamfanin faifai na Sahel Sounds, shi ya ba da umarni, da kuɗin da aka tara ta intanet. Aro ne daga Purple Rain na Prince na 1984. Makaɗin gita Mdou Moctar ne jarumin, yana yawo a kan babur da shigar launin shunayya, yana fama da mahaifin da ba ya son kiɗa da kuma abokin hamayya. Sunan fim ɗin kansa abin dariya ne, domin ma'anarsa ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki. Kirkley ya san Kannywood, don kuwa a 2013 kamfaninsa ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa. A 2017 ya sake yin Zerzura da Ahmoudou Madassane, labarin saurayin da ya shiga Sahara neman ɓataccen birni, da aljanu da ƴan fashi da masu haƙar zinariya.

A waɗannan finafinai Ba'abzine ba mai gadi ba ne, ba kuma ɗan tawaye ko mai jan raƙumin ƴan yawon buɗe ido ba. Saurayin birni ne mai salula da buri. Amma tambayar da aka yi wa Rouch ta sake dawowa, tunda mai kyamarar baƙo ne kuma kasuwar farko ta fim ɗin bukukuwan Turai da Amurka ce. Akwai misalin da ya nuna ana iya yi daga gida. A unguwar Wakaliga ta Kampala, Nabwana Isaac ya yi Who Killed Captain Alex? a 2010 da kuɗin da bai wuce dala 200 ba, da harshen Luganda da maƙwabtansa a matsayin ƴan wasa, da kwamfutar da ya harhaɗa da hannunsa. Fim ɗin ya zaga duniya ta YouTube.

Harshe da wurin kallo

Dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa goma a Nijar: Hausa, Zabarma-Sanwai, Fillanci, Tamashek, Barbarci, Larabci, Tubanci, Gurmanci, Buduma da Tasawak. Kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka koma harsunan aiki. A fagen fim ɗin dariya, Hausa ta riga doka isa wurin, saboda girman kasuwarta daga Yamai har Kano da zangunan Gana da Kamaru. Zabarmanci na da masu wasan barkwancinsa a talabijin da gajerun bidiyon TikTok da WhatsApp. Batube ko Bagurme ko Buduma na tafkin Cadi kuwa da wuya ya ji harshensa a bakin jarumin fim. Zin'naariyâ!, wanda Nijar ta fara aikawa gasar Oscar da shi, ya haɗa Sanwai-Zabarma da Hausa da Fillanci a fim guda, kamar yadda ake haɗa su a kowace kasuwar Yamai.

Sauran matsalar ita ce ganin tsofaffin finafinan. An ɗauke su ne a kan zaren fim mai milimita 16, kuma kwafi masu kyau galibi a Faransa suke. Gidan adana kayan fasaha na MoMA a New York ya yi bikin nuna ayyukan Moustapha Alassane a 2017, shekara biyu bayan rasuwarsa a Wagadugu ranar 17 ga Maris 2015. Shi kuwa ya ƙare rayuwarsa ne a Tawa, inda ya mayar da ɗakunan otal ɗinsa wurin aikin zane da ƴan tsana. A Yamai akwai cibiyar al'adu mai sunan Oumarou Ganda, wanda ya rasu ranar 1 ga Janairun 1981. Tsohuwar cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, wadda ta ɗauki sunan Jean Rouch shekaru da dama, an sake mata suna bayan sauyin mulki na 2023, yanzu sunan Moustapha Alassane take ɗauke da shi.